A ko C: Harafin da Ke Zaɓa wa Ɗan Mallawa Hanya Bayan Birbe

A ƙasar Mallawa, komawa makaranta da girbi tare suke zuwa. Farkon Oktoba gero yana ɗaure a dammuna, wake na jiran roro, riɗi na tsaye a gona, kuma a daidai lokacin ne magidancin da ɗansa ya ci birbe yake zama ya yi lissafi: tiya nawa zai fitar ya kai kasuwa, akuya ce za ta tafi ko tunkiya, wa zai riƙe masa yaron a Dungas ko Magarya ko Damagaram. Wannan lissafi ya iya shi sarai, don aikinsa ne tun yana saurayi. Akwai abu ɗaya da ba a sa shi cikin lissafinsa ba, kuma shi ya fi sauran nauyi: harafin da aka rubuta gaban sunan ɗansa a takardar da aka liƙa jikin bangon makaranta. A ne, ko C.

Mallawa ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. A da tana cikin gundumar Magarya. Tun 2011, da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma, ta koma can tare da Gushi da Dogo-Dogo. Ƙasa ce mai yawan jama'a da yawan yara, kuma yaron da ya kai ajin ƙarshe na kwaleji a nan ya riga ya tsallake abubuwan da suka tare sa'o'insa da yawa. Ya yi shekara 6 a firamare, daga CI zuwa CM2. Ya yi 4 a kwalejin da ake kira CEG, daga siziyam zuwa turwaziyam. Ya zauna jarrabawar BEPC, wadda kowa ke ce wa birbe, ya haye. Saura shekara 3 na lise, wato sagwan, firamiyar da tarminal, sannan bak, wadda ita ce ke buɗe ƙofar jami'a.

A ƙofar sagwan ne hanya take rabuwa. Sagwan A ta masu harsuna ce da adabi da tarihi da labarin ƙasa, kuma a ƙarshenta falsafa ce ke da babban matsayi. Sagwan C ta masu lissafi ce da kimiyya, kuma bayan shekara ɗaya ita ma tana rabuwa biyu: firamiyar C, inda lissafi da fiziks suka fi ƙarfi, da firamiyar D, inda ilimin halittu da na ƙasa ya shigo sahun gaba. Wanda ya fito daga makarantar faranko-arab yana da tasa hanyar, A8, wadda Larabci ke jagoranta. Sai sassan fasaha: E da F na injuna, lantarki da gine-gine, G ta lissafin kuɗi, kasuwanci da aikin ofis.

Abin da ya kamata kowane uba da kowace uwa su sani shi ne hanyoyin nan ba a komawa cikinsu yadda aka ga dama. Ɗan C da lissafi ya gagara yana iya gangarowa A. Ɗan A da ya farka a firamiyar ya ce shi likita yake son zama, ya makara, domin sashen koyon aikin likita bak C ko D yake nema, haka makarantun injiniya da na aikin gona mai zurfi. Yaro ɗan shekara 15 ko 16 ne ake sa wa takardar zaɓi a gaba yana turwaziyam, a ce ya rubuta abin da yake so. Daga nan kwamitin raba ɗalibai ya duba makinsa, ya duba shekarunsa, ya duba yawan guraben da ke akwai, ya yanke. Sau da yawa yaron ya cika takardar nan ne a kan benci, ya leƙa abin da abokinsa ya rubuta, ba wanda ya sani a gida.

Tun a katiriyam ake yankewa

In aka bi diddigi, kwamitin ba shi ne ke yanke hukuncin gaske ba. Tun a katiriyam da turwaziyam, azuzuwa biyu na ƙarshe na kwaleji, aka yanke shi, a ajin da ya samu malamin lissafi ko ya rasa. Makarantun karkara a Nijar sun daɗe suna tafiya a kan malamai ƴan kwantiragi, kuma malamin lissafi ko na fiziks shi ya fi wuyar samu, shi ya fi wuyar riƙewa a ƙauye. Ajin da ya yi wata uku babu malamin lissafi, ko aka ba malamin wani darasi ya riƙe, zai fitar da yaran da ke tsoron C ko da kansu yana ja. Ba za a ce da su dolaye ba; ba a koya musu ba ne. Sai su taru a A, A ta cika ta batse, ajin C kuwa wani lokaci da ƙyar ake haɗa yaran da za su isa a buɗe shi.

Ba ina rena A ba ne, kuma wanda ya rena ta bai san tarihin Damagaram ba. Jami'ar jihar, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Damagaram da aka haifa a 1942, masanin tarihi wanda ya rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19, kuma shi ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Alƙali, lauya, ɗan jarida, malamin Faransanci ko Ingilishi, ma'aikacin mulki, duk A tana kai mutum can. A ɗaya ɓangaren, jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin fiziks da ya ƙarar da rayuwarsa a binciken makamashin hasken rana tun duniya ba ta damu da shi ba. Ƙasa tana bukatar irin su duka biyu. Abin da ke da ciwo shi ne yaro ya shiga A don an rufe masa C tun bai san akwai ta ba, ko a tura shi C don kawai a ce ɗan wane yana C, ya je ya yi shekara biyu yana dukan ruwa, a kore shi.

Akwai kuma maganar ninki, wadda ɗalibai da yawa ba sa ɗauka da gaske sai sun ga sakamakon zangon farko. Ana ba da maki ne a kan 20, kuma 10 ita ce tsaka-tsakin da ake hayewa da ita. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. A ɗauki misali: darasin da ake ninkawa sau 5, yaro ya samu 6. Ya gaza da 4, an ninka, bashin maki 20 ke nan a kansa. Ya je wani darasin da ake ninkawa sau 2 ya samu 14, ribarsa 8 kacal. Sai ya yi irin wannan bajinta a darussa uku kafin ya cike ramin da darasi ɗaya ya haƙa masa. Saboda haka abin dubawa a takardar makin yaro ba jimillar ƙarshe kaɗai ba ce. A duba darussa biyu ko uku da sashen da zai shiga ya fi ɗora wa nauyi. Bak kanta ba ta da sassauci. A shekarun baya-bayan nan, cikin ɗalibai uku da suka zauna ta a Nijar da wuya fiye da ɗaya ya haye, akwai ma shekarun da ɗaya cikin huɗu ne. Wanda ya kusa 10 ana ba shi zagaye na biyu, wanda ya yi nisa da ita sai baɗi.

Wa zai riƙe shi?

Ga ɗan birni, shiga lise sauya aji ne. Ga yawancin yaran ƙauyukan Mallawa barin gida ne. Wanda ya yi sa'a yana da kawu ko gwaggo a babban gari. Wanda bai yi ba, su haɗu su uku ko huɗu ƴan gari ɗaya su kama ɗaki. Duk wanda ya taɓa leƙa irin ɗakin nan ya san kamanninsa: tabarmi biyu, buhun gero a kusurwa an ɗora shi kan bulo saboda gara, ƙullin kuka da barkono a leda, murhun duwatsu uku a bakin ƙofa, kayoyi jere a jikin bango, da fitila mai batir guda ɗaya da ake karɓa-karɓa. Ranar kasuwa ɗaya daga cikinsu zai je tasha ya jira direban garinsu, ko an aiko da tsaba da ƴar jaka ɗaya ko biyu. In buhu ya ƙare kafin saƙo ya iso, karatu ya tsaya. Yaro ya shiga kasuwa dako ko ya karɓi babur ɗin wani ya yi kabu-kabu. Daga watan Maris zuwa Yuni, lokacin da jarrabawa ke matsowa, shi ne kuma lokacin da rumbun gida ke yin ƙasa da zafin rana ke kai maƙura. A nan ake rasa yara masu kai, a hankali, ba tare da an rubuta sunansu a wata takardar kora ba.

Ta ƴa mace ta fi wuya. Ba za a kama mata ɗaki ba, sai gidan mariƙi, kuma a gidan mariƙi ita ce ta ɗebo ruwa, ita ce ta daka, ita ce ta raino, wani gidan har da talla. Ta isa aji a gajiye, ta dawo ba ta da sa'a guda ta buɗe kaye. Iyaye kuma suna da tsoron da bai kamata a yi musu dariya a kansa ba: yarinya budurwa a garin da ba idonsu. In mai neman aure ya fito, sai lissafi ya sauya. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika 18. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ƴa mace da ke karatu da tallafa mata, a 2021 kuma aka buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle, cikin gundumar Gure. Dabarar ta dace da ciwon, domin uban da ya ƙi gidan mariƙi yana iya yarda da gidan kwana mai katanga da uwar ɗaki da abinci. Sai dai buƙatar ta fi abin da aka gina nesa ba kusa ba. Kuma mutanen da ke cewa ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu, su ne ya kamata su fi kowa riƙe ƴaƴansu mata a makaranta, don ungozomar asibiti ba ta fitowa sai daga yarinyar da aka bari ta wuce turwaziyam.

A fara daga aikin, a ƙirgo baya

Shawarar da na fi amincewa da ita ita ce a juya tambayar. Maimakon a ce "wane aji aka ba ka?", a tambayi yaro tun yana katiriyam wane aiki yake hange, sannan a ƙirgo baya zuwa harafin da zai kai shi. Ba sai an je nesa neman misali ba, ayyukan suna nan a kewaye.

Kowace damina, in zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, sashen yara na asibitin Magarya yana cika har ya tumbatsa. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a can tun 2005. Wannan aiki yana cin ma'aikatan jinya, masu gwajin jini, ungozomomi da likitoci, kuma wanda ya tashi a yankin, yana jin maganar uwar da ta kawo ɗanta, ya fi baƙo amfani. Akwai makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati, ENSP, a Damagaram, akwai sashen likitanci a jami'o'in Damagaram, Maradi da Yamai. Mai wannan niyya C zai shiga, ya nufi D.

Yankin Magarya, Matamaye da Mirya ya yi suna har a wajen Afirka saboda yadda manoma suka mayar da itatuwa cikin gonakinsu, musamman gawo, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa da sassabe shi da kula. Iyayen yaran nan ne suka yi wannan aiki da hannunsu, masana daga ƙetare suka zo suna aunawa. Ɗan manomin da ya san gawo da ƙorama da noman rake tun yana goye, in ya bi D ya shiga sashen aikin gona a Maradi ko Tilaberi ko Yamai, ko ya bi makarantar IPDR ta Kollo, zai dawo da abin da baƙon masani ba shi da shi. Haka maganar dabbobi: duk wanda ya ga garken da ke gangarawa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san malamin dabbobi ba zai rasa aiki a wannan iyaka ba.

Matatar mai ta SORAZ, arewa da Damagaram, tana aiki tun Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Masu walda, masu lantarki da injiniyoyi take ɗauka, kuma hanyarsu C ce ko E ko F, zuwa makarantu irin EMIG ta Yamai. Mai son koyarwa yana da makarantun horar da malamai a Damagaram da Magarya. Mai A8 yana da jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986. Mai son shari'a ko tattalin arziki yana iya duban Tawa ko Yamai. Tun da aka ƙara jami'o'in Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014, kowace jiha tana da tata, kuma kowace da fannin da ta fi ƙarfi a kai. Karatun digirin farko shekara 3 ne bayan bak, na biyu ƙarin 2. Tallafin karatu yana hannun hukumar ANAB, kuma maki da shekarun haihuwa suna cikin abin da take dubawa. Wannan ma dalili ne na guje wa maimaita aji in da hali.

Uba ya ƙirga da kyau: daga ranar da ɗansa ya shiga sagwan zuwa ranar da zai riƙe digirin farko, shekara 6 ce in babu tuntuɓe ko ɗaya. Damina shida ba hannunsa a gona. Ba kowane gida ne zai iya ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗi haka tun da wuri.

A nan ne hanyar sana'a take shigowa, wadda har yanzu ake kallonta kamar wurin zubar da waɗanda suka faɗi. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da kwalejojin fasaha na CET, da lise ta fasaha irin Dan Kassawa ta Maradi wadda ke kai ɗalibi har bak. Ku dubi ƙauyukanmu yau: faifan hasken rana a kan rufi, famfon burtsatse mai aiki da rana, injin niƙa, injin ban ruwa a fadama, babura ba iyaka, waya a kowane aljihu. In ɗayansu ya lalace sau da yawa sai an kira mai gyara daga babban gari ko daga tsallaken iyaka, a biya kuɗin motarsa, a jira shi kwana biyu. Saurayin da ya ci birbe, ya iya karanta takardar da ta zo da inji, ya yi shekara biyu ko uku yana koyon lantarki a hannun ƙwararru, zai fara ciyar da kansa tun abokinsa yana tarminal. Wannan hanya ce da za a zaɓa ido buɗe, da alfahari, tun ranar cika takarda.

Wasu gidajen kudu suke duba. Daga nan Kano da Dutse ba su da nisa, harshe ɗaya ne a kasuwa, dangi suna can. A Najeriya ma ana raba ɗalibai a ajin SS1 zuwa kimiyya, adabi da kasuwanci, a ƙare da jarrabawar WAEC ko NECO, a zauna JAMB ta neman shiga jami'a. Amma yaron da ya yi shekara 10 da Faransanci zai koma Ingilishi, kuma takardar da ya samo sai an kai ta hukumar da ke daidaita takardu kafin ta yi masa aiki a gida. Rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna wa iyaye wani haɗarin da ba su saba sa wa a lissafi ba. Hanya ce mai yiwuwa, sai dai a shige ta da shiri, kada ta zama mafakar wanda bak ta kayar kawai.

A faɗa wa iyaye da Hausa

Kundin mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko me wannan zai haifar a manyan ofisoshi, akwai ƙaramin wuri da zai yi amfani tun bana: bayanin sassan lise. Babu dalilin da zai sa manomin da zai sayar da tunkiyarsa don karatun ɗansa ya kasa sanin bambancin C da D. Bayanin ba ya cin sa'a guda. Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye da na kula da tafiyar da ita, akwai ƙungiyar iyaye mata, akwai gidajen rediyon al'umma da ake saurare a kowace rumfa. Abin da ake bukata shi ne zama ɗaya a ƙarshen katiriyam, wani a tsakiyar turwaziyam kafin a cika takardar zaɓi, da darakta da malaman lissafi da Faransanci, da iyaye maza da mata, da maigari da liman. A gayyato ƴaƴan yankin da suka riga suka wuce, ɗalibin jami'a da ya zo hutu, ma'aikaciyar jinya, mai gyaran famfo, kowa ya faɗi harafin da ya bi da abin da ya ci masa.

Uba kuma kada kunyar rashin boko ta hana shi zuwa. Ya sa rigarsa ya je makaranta ya ce: "Mushe, yaron nan naku ne. Ina ƙarfinsa yake, ina rauninsa? In ya bi wannan harafin, ina zai fita, kuma shekara nawa zan ciyar?" Malamin kirki zai ce masa: "Baba, zauna in nuna maka," ya buɗe takardar maki, ya bi ta layi-layi da yatsa. In ya ga lissafin yaron yana rawa tun a katiriyam, akwai sauran shekara guda cur da za a nema masa mai ƙarin darasi, ko ɗan lise da ya dawo hutun damina ya zauna da shi da yamma bayan an taso daga gona. In kuma yarinya ce, a wannan zaman ne za a fara maganar gidan da za ta sauka, da sharaɗin da za a gindaya wa mariƙi game da aikin gida da lokacin karatu, tun kafin sakamakon birbe ya fito a shiga neman masauki a gurguje.